Bayani kan hanta da gubar da ke taruwa a jikin ɗan Adam

A kasuwannin Sabon Gari da Samaru da tashoshin motar Zariya, kamar sauran biranen arewacin Najeriya, ba a rasa masu tallar magungunan da suke cewa suna wanke hanta, su kuma fitar da dattin jini.

Sai dai a ilmin likitanci hanta ba tukunya ba ce da za a ɗauraye. Ita ce ma ke tace jinin jiki baki ɗaya. Akwai kuma sinadaran da idan suka taru suka yi yawa, babu wani jiƙo ko tsimi da zai fitar da su. Daga cikinsu akwai bitamin A, da sinadarin ƙarfe, da kuma dalma.

Aikin hanta

Hantar baligi tana da nauyin kusan kilo 1 da rabi. Ita ke sarrafa abinci da magungunan da mutum ya sha, ta karya gubar da ke cikin jini, sannan ta tura ta zuwa madaciya ko ƙoda domin a fitar da ita.

Har ila yau ita ce rumbun ajiyar jiki. A nan matsalar take, domin abin da aka ajiye ya wuce kima yakan lalata rumbun kansa. Hantar takan yi tabo, ta taurare, sau da yawa kuma ba tare da wata alama ba har sai ciwo ya yi nisa.

Bitamin A

Kusan kashi 80 cikin 100 na bitamin A da ke jikin mutum a hanta yake. Ba ya fita ta fitsari, saboda haka yakan taru a hankali.

A Najeriya ƙarancinsa ne ya fi zama matsala, domin yana haddasa dundumi, yana kuma tsananta ƙyanda ga yara. Shi ya sa tun shekara ta 2002 hukumomi suka wajabta ƙara shi a man girki da sukari da fulawa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, na cikin waɗanda suka fitar da irin masara mai launin ruwan lemo da ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A.

Irin wanda ake samu a masarar, da manja, da karas, da zogale, ba ya cutar da hanta, domin jiki yana sarrafa gwargwadon buƙatarsa ne kawai. Hatsarin yana ga ƙwayoyin da ake saya a kantin magani ana sha kullum ba da umarnin likita ba. Iyakar da masana suka gindaya wa baligi ita ce maikirogiram 3,000 a rana. Wuce wannan na tsawon watanni kan jawo ciwon kai, da zubewar gashi, da ciwon ƙashi, da lalacewar hanta. Ga mace mai juna biyu kuma yana iya nakasa ɗan tayi.

Magani a nan shi ne a daina sha. Jiki kan ɗauki watanni kafin ya rage abin da ya tara.

Sinadarin ƙarfe

Jiki ba shi da hanyar fitar da rarar sinadarin ƙarfe. Abin da yake zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, alhali ledar jini guda tana ɗauke da kusan miligiram 200.

Wannan ya shafi masu cutar amosanin jini, wato sikila, waɗanda ake yi wa ƙarin jini akai-akai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekara ta 2006 cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu cutar duk shekara a Najeriya. Bayan ƙarin jini da yawa, sinadarin yakan taru a hanta da zuciya.

A manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, likitocin jini kan bibiyi irin waɗannan majinyata ta hanyar gwaji. Akwai magunguna kamar deferasirox da ke kama sinadarin su fitar da shi daga jiki. Shi ya sa ake gargaɗin masu sikila su guji shan maganin ƙarin jini na kasuwa sai likita ya tabbatar da buƙatarsa.

Darasin Zamfara

Babu inda hatsarin dalma ya fito fili kamar jihar Zamfara. A watan Maris na shekara ta 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ciki har da Dareta da Abare da 'Yargalma.

Masu haƙar zinariya ne ke kawo duwatsu cikin gidaje, ana daka su a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi. Ƙurar mai ɗauke da dalma ta mamaye tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. A shekara ta 2015 an sake samun irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Dalma ta fi illata ƙwaƙwalwa da jini da ƙoda, ko da yake takan taru a hanta ma, kuma tana iya zama cikin ƙashi shekaru masu yawa na rayuwar mutum ba ta gushe ba. Likitoci sun yi amfani da wani magani mai suna DMSA wajen fitar da ita ta fitsari, amma sai da aka fara kankare gurɓatacciyar ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar, gubar za ta dawo. Garin Bagega bai samu wannan aikin ba sai a shekara ta 2013.

Ba a wuraren haƙar ma'adinai kaɗai ake gamuwa da dalma ba. Ana samunta a wasu nau'o'in kwalli da ake sa wa jarirai, da wuraren fasa tsofaffin baturan mota, da wasu tukwanen da ake ƙerawa da narkakkun tarkacen ƙarafa. Wasu mayukan sauya launin fata kuma suna ɗauke da zaiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira maras illa.

Abin da ke kare hanta

A dukkan misalan uku matakan iri ɗaya ne: a gano inda gubar ke fitowa, a toshe shi, a yi gwajin jini, sannan likita ya yanke shawara kan magani. Su kansu magungunan fitar da ƙarafa suna da illa, domin suna iya taɓa ƙoda, don haka ba a shan su da ka.

Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da mai talla ke faɗa. Wasu haɗe-haɗen ma su ne ke jawo ciwon shawara da kumburin hanta.

Abubuwan da suka fi kashe hanta a wannan yanki kuwa su ne cutar hanta nau'in B, wadda aka shigar da rigakafinta cikin alluran yara a Najeriya a shekara ta 2004, da kuma gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. Gwaji, da allurar rigakafi, da kyakkyawar ajiyar amfanin gona sun fi duk wani maganin wankin hanta amfani.