Yadda ake kafa tsarin ajiyar fayil a wurare da dama

Tsarin rarraba ajiyar fayil, wanda masana ke kira DFS a taƙaice, wata hanya ce ta haɗa takardun da ke cikin kwamfutoci da dama, ko da kuwa a garuruwa daban-daban suke, su bayyana ga ma'aikaci tamkar a rumbu guda aka zuba su.

Amfaninsa ya fi fitowa fili a yankunan da ofisoshi ke nesa da juna, kamar masarautar Yauri a jihar Kebbi, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, inda wasu ƙauyukan gaɓar tafkin Kainji sai da kwale-kwale ake isa gare su.

A irin wannan wuri, idan takardun albashi ko sakamakon jarrabawa suna cikin kwamfuta ɗaya tak, to ranar da ta lalace aiki ya tsaya, wani lokaci ma bayanan sun tafi ke nan.

Asalin tsarin

A shekarar 1984 ne kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya ɓullo da tsarin NFS, wanda ke bai wa kwamfuta damar buɗe fayil ɗin da ke cikin wata kwamfutar kamar nata ne. A cikin shekarun 1980 ɗin ne kuma jami'ar Carnegie Mellon ta ƙirƙiro AFS domin ɗalibai da malamanta.

Kamfanin Microsoft ya sanya nasa DFS ɗin a cikin manhajar Windows 2000 ta manyan kwamfutocin ajiya, waɗanda ake kira saba, sannan a 2005 ya inganta yadda sabobin ke kwafar fayil a tsakaninsu.

Matakan kafawa

Tsarin yana da ginshiƙai biyu: suna guda da kowa zai riƙa bi, da kuma kwafin da ake ajiyewa a wuri fiye da ɗaya.

A ɗauka, alal misali, wata hukuma tana da ofisoshi a Yelwa da Wara da Shanga, wato hedikwatocin ƙananan hukumomin uku. Da farko za a girka saba a kowane ofishi, a haɗa su ta intanet ko ta layi na musamman.

Daga nan sai a buɗe tushen suna a kan ɗaya daga cikinsu, a jera jakunkunan fayil a ƙarƙashinsa, kamar ta albashi da ta ma'aikata, a kuma nuna wa kowace jaka sabobin da ainihin takardunta suke.

Mataki na gaba shi ne a haɗa sabobin cikin rukunin kwafi, a ƙayyade lokacin da za su riƙa musayar bayanai da yawan layin da za su ci. A ƙarshe sai a tantance wanda ke da izinin karantawa kawai, da wanda zai iya yin gyara.

Idan akawu a Wara ya nemi wata takarda, tsarin zai tura shi ga sabar da ta fi kusa da shi. Idan ba ta aiki, sai ya mayar da shi ga ta Yelwa ba tare da ya sauya sunan da ya saba bi ba.

Layi da lantarki

Ƙarfin layi ne babban abin lura. Fayil mai girman gigabait ɗaya yakan ɗauki fiye da sa'o'i biyu a kan layin da ke ɗaukar megabit ɗaya a daƙiƙa. Shi ya sa tsarin Microsoft yake aika ɓangaren da aka sauya kaɗai, kuma ake son a tsara kwafin ya gudana da dare.

Sai kuma wutar lantarki. Madatsar ruwan Kainji, wadda aka kammala a 1968, an gina ta ne da injunan da za su iya samar da megawat 760, to amma wutar tana shiga babban layin ƙasa ne, wanda ya durƙushe sau da dama a 2024. Saboda haka kowace saba na buƙatar batir ko na'urar hasken rana, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu kan lalata bayanai.

Idan kwafi suka saɓa

Matsala mafi sarƙaƙiya ita ce mutane biyu a garuruwa biyu su gyara takarda ɗaya kafin sabobin su yi musaya. A tsarin Microsoft, gyaran da aka yi daga baya shi ke rinjaye, na farkon kuma a tura shi wata ɓoyayyiyar jaka.

Najeriya ta ga makamancin wannan ƙalubale a rajistar masu zaɓe ta 2011, lokacin da Farfesa Attahiru Jega, ɗan asalin jihar Kebbi, ke shugabantar hukumar zaɓe. An yi amfani da na'urori kusan 132,000, kowace tana ajiye bayananta, daga bisani aka tattara su aka gwada hoton yatsu domin gano waɗanda suka yi rajista fiye da sau ɗaya. Ko da yake ba DFS aka yi amfani da shi ba, tambayar ɗaya ce: wane kwafi ne na gaskiya?

Akwai kuma wani kuskure da ake yawan yi, na ɗaukar wannan kwafi a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Idan aka goge takarda a Shanga, ko muguwar manhaja ta kulle ta, sauyin zai bi layi ya isa Yelwa da Wara.

Don haka ƙa'idar da masu kula da saba ke bi ita ce a riƙa ɗaukar wani kwafi dabam a kai a kai, a ajiye shi a na'urar da ba ta haɗe da layin, a kuma riƙa gwada maido da shi kafin ranar da za a buƙace shi.