Jiragen Gaddafi da Motocin Habre: Abin da 1987 Ta Koya Mana

A wannan biki na cikar ƙungiyarmu, ya dace mu tuna yaƙin Chadi da Libiya, domin a kan hanyar fataucinmu aka yi shi.

Da lissafin makamai ake cin yaƙi, da Libiya ta gama da Chadi tun farko. Gaddafi yana da jiragen MiG da manyan jiragen jefa bam na Tu-22 daga Tarayyar Sobiyet, ga sansanin sama a Wadi Dum. Hissene Habre kuwa ba shi da rundunar sama ta a zo a gani. Abin da yake da shi motocin Toyota ne da makamai masu linzami na MILAN daga Faransa, masu fasa tankokin yaƙi.

Faransa ce ta tsare masa sama. A Fabrairun 1986 jiragenta suka lalata titin saukar jirage na Wadi Dum, a Satumban 1987 kuma makaminta na Hawk ya kakkaɓo Tu-22 a saman Injamena. A ƙasa, dakarun Chadi suka kama Fada a Janairun 1987, Wadi Dum a Maris. Jirgin da ba shi da wurin sauka ya zama ƙarfe kawai.

Duk da haka, makami bai warware rikicin Awuzu ba. Kotun Duniya ce ta ba Chadi yankin a 1994. Mu da muke jiran dabinon Faya a kasuwannin Injamena da Kusiri mun san bambancin: yaƙi ya rufe mana hanya, sulhu ne ya buɗe ta.