TARIHIN ISAR DA SAKAMAKON BINCIKE DAGA NESA: MISALIN YURANIYOM NA ƘASAR ABZIN

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1966 an yi abubuwa biyu waɗanda a lokacin ba wanda ya lura da dangantakarsu. A birnin Bamako, masana harsuna sun taru a ƙarƙashin hukumar UNESCO domin daidaita haruffan rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausa da Tamajak. A arewacin Agadas kuwa, masu binciken ma'adinai na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Faransa, watau CEA, suka gano tarin yuraniyom a wani wuri da ake kira Imuraren, kimanin kilomita 80 kudu da inda garin Arlit yake a yau. Na Bamako suna neman hanyar da ilmi zai shiga harshen jama'a. Na Imuraren kuwa sun samo ilmi mai nauyi game da ƙasar da makiyaya ke kiwo a kanta, suka rubuta shi da Faransanci, suka aika da shi Turai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin yadda masu bincike suka riƙa isar da abin da suka gano game da wannan yanki ga mutanen da ba sa gabansu, tun daga rahoton takarda har zuwa laccar da ake yi ta intanet. Za mu duba wanda aka riƙa yi wa maganar a kowane zamani, da harshen da aka yi ta, da kuma abin da mai gabatar da maƙala a gaban kwamfuta zai iya ƙaruwa da shi daga wannan tarihi.

2.0 Zamanin rahoton takarda

An fara cin karo da yuraniyom a ƙasar Nijar a 1957, a Azelik, inda Faransawa suka je neman jan ƙarfe. Wannan wuri shi ne masana da yawa ke ɗauka a matsayin tsohon garin Takadda wanda Ibn Batuta ya ziyarta a 1353. Daga nan CEA ta ci gaba da lalube, aka gano Madawela a 1963, da wuraren Arlit a 1965, da Imuraren a 1966, da Akuta a 1967. Aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. Aka kafa COMINAK a 1974, ya fara a 1978. Garuruwan Arlit da Akokan sun tashi ne a gindin waɗannan mahaƙai biyu, mutane suka yi ta kwararowa daga kudancin ƙasa da ƙasashen maƙwabta, har Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha a tsakanin Abzinawa da baƙin da suka zo cin rani suka zauna.

A duk tsawon wannan lokaci, siffar sakamakon bincike ɗaya ce: rahoto da taswira da jadawalin alƙaluma. Injiniya ne ke rubuta wa injiniya, ko kamfani ya rubuta wa ma'aikatar gwamnati a Yamai, wadda ke da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Arlit. Irin wannan rubutu yana da amfaninsa, domin ana iya ajiye shi a koma a bincika. Sai dai kuma tambayar da ya amsa ita ce yawan ma'adinin da kuɗin haƙo shi. Leburan da ke sauka ramin COMINAK, mai zurfin kimanin mita 250, da matarsa da ke wanke masa kayan aiki, da makiyayin da ke shayar da raƙuma a rijiyoyin yankin, ba sa cikin waɗanda aka rubuta dominsu.

3.0 Darasin rediyo da talabijin

Abin mamaki shi ne, a daidai waɗannan shekaru Nijar tana cikin ƙasashen da suka yi fice a Afirka wajen koyarwa daga nesa. A 1962 aka kafa Ƙungiyar Kulob-kulob na Rediyo ta Nijar. Tsarinta shi ne mutanen gari su taru a saurari shiri a kan lafiya ko noma ko wani al'amari na zaman jama'a, cikin harsunan ƙasa, sa'an nan jagoran kulob, wanda galibi malamin makaranta ne, ya buɗe muhawara. Akan ɗauki muryoyin mutane a kaset a aika Yamai, a sa su cikin shirin da zai biyo baya. Watau mai sauraro yana jin tambayarsa ta je ta dawo da amsa.

A 1964 kuma aka fara Talabijin na Makarantu, wanda ya ɗore har zuwa ƙarshen shekarun 1970. Shirye-shiryensa gajeru ne, kimanin minti 15 kowanne, kuma a kowane aji akwai mai kula wanda ke ɗorawa daga inda akwatin ya tsaya, yana yi wa yara tambayoyi yana sa su aiki. Da Faransanci aka yi shi, wannan kuwa ya taƙaita amfaninsa ga iyayen yara. Duk da haka, tsare-tsaren biyu sun tabbatar da abubuwa guda biyu tun kafin a san da intanet. Mai magana daga nesa yana bukatar wakili a wurin masu sauraro, wanda ya san su suka san shi. Kuma hankalin mai sauraron akwati ba ya jure doguwar magana in ba a tsaya an ba shi baki ba. Wannan ƙwarewa ta yi aiki a fagen noma da lafiya da yaƙi da jahilci, amma binciken ma'adinai ya ci gaba da tafiya a tsohuwar hanyarsa.

4.0 Na'urar awo da hoto

Sauyi ya zo ne daga cikin Arlit. A farkon shekarun 2000, wani ma'aikacin SOMAIR, Almustafa Alhasan, tare da abokansa suka kafa ƙungiyar Aghirin'man, wadda ma'anar sunanta da Tamajak ita ce garkuwar rai. Su ne suka nemi masana daga waje su zo su auna. A watan Disamba na 2003 ma'aikatan CRIIRAD, wani ɗakin bincike mai zaman kansa da aka kafa a Faransa a 1986 bayan haɗarin Carnobil, suka iso tare da ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa. An riƙe musu kayan awo a filin jirgin saman Yamai, amma duk da haka sun ba da rahoton samun tarkacen ƙarfe masu ɗauke da gurɓatar nukiliya ana sayarwa a cikin gari. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo, ta fitar da rahotonta a 2010, inda ta ce a wani wuri a titunan Akokan awon ya kai kusan ninki 500 na abin da aka saba, kuma huɗu daga cikin samfuran ruwa biyar sun wuce iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa ruwan sha. Kamfanin Areva ya musanta wasu daga cikin waɗannan hukunce-hukunce, ya ce yana bin ƙa'idojin duniya, ya kuma sa aka kwashe ƙasar wasu wurare.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne hanyar gabatarwa. Na'urar awon tana ƙara sauti gwargwadon ƙarfin abin da ta tarar. Idan aka ɗora ta a kan yashi tana ɗan ƙyas-ƙyas jefi-jefi, aka matsar da ita kan wani guntun bututu ta ɓarke da ƙara, to maƙeri da mai sayar da tukwane sun fahimci sakamakon ba tare da tafinta ba. Gani ya kori ji. Finafinai ma sun bi wannan hanya: na Idrisu Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, a kan Arlit a 2005, da na Amina Weira a 2016, wadda mahaifinta tsohon ma'aikacin mahaƙar ne. A cikinsu mutanen garin ne ke magana da bakinsu, masu kallo a wasu ƙasashe suna sauraro. A karo na farko maganar ta tashi daga Arlit zuwa waje.

5.0 Zamanin intanet

An sami mutum na farko mai cutar korona a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, aka rufe iyakoki, tarurrukan ƙara wa juna sani a duniya suka koma kan Zoom da makamantansa. Ana cikin wannan hali COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, aka bar tsibin dusar ma'adini na kimanin tan miliyan 20, wanda kamfanin ya yi alkawarin binnewa da yumɓu da duwatsu. Imuraren kuwa, wanda Shugaba Mamadu Tanja ya aza harsashin aikinsa a 2009, an dakatar da shi bayan faɗuwar farashi, kuma har zuwa Yuni 2024, lokacin da gwamnati ta janye lasisin daga kamfanin Orano, bai taɓa fitar da yuraniyom na sayarwa ba. A Yuni 2025 gwamnati ta ba da sanarwar mayar da SOMAIR mallakar ƙasa.

Intanet ta kawar da wahalar tafiya, domin masani a Yamai ko Faris yana iya magana ɗalibi a Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, yana ji nan take. To amma tana iya maimaita kuskuren zamanin rahoto, idan mai lacca ya cika allonsa da jadawali ya zauna yana karantawa. Mai sauraro a Arlit galibi da wayar hannu yake bi, allonta bai fi tafin hannu ba, da kuɗinsa ya sayi lokacin, kuma layi yana iya yankewa. Idan layi ya yi rauni hoto ne ke fara tsayawa, murya ta saura. Saboda haka ya kamata mai bincike ya tsara maganarsa yadda wanda bai ga allo ba zai gane, ya kuma faɗi sakamakon tun a mintocin farko, kafin tarihin yadda aka same shi, don kada wanda layinsa ya yanke ya tashi hannu wofi.

Sauran dabarun duk tarihin da muka bi ya riga ya nuna su. Daga kulob na rediyo, a sami jagora a zauren da mutane suka taru, ya tattara tambayoyi, ya faɗa wa mai lacca in an ɓace, tun da shi ba ya ganin fuskokin da zai karanta. Daga talabijin na makarantu, a yanka lacca gunduwa-gunduwa a riƙa tsayawa. Daga na'urar awo, a nuna abu guda wanda ido ko kunne zai kama. Alal misali, tan miliyan 20 lamba ce kawai, amma idan aka ce babbar mota mai ɗaukar tan 40 sai ta yi sawu 500,000 kafin ta kwashe tsibin, kowane direba a tashar Arlit zai auna nauyin maganar. Bayan an tashi kuma, a taƙaita laccar cikin saƙon murya na WhatsApp, wanda ke isa inda taron bai isa ba.

6.0 Matsalar kalmomi

Babban aikin da ya rage na masana harshe ne. Abin da yuraniyom ke fitarwa ba shi da launi, ba shi da wari, kuma kowace kalmar Hausa da aka ɗauko dominsa tana zuwa da nata kaya. Idan an ce tururi, mai sauraro zai zaci abu ne da ake gani yana tashi ya wuce. Idan an ce guba, zai ɗauka sai an ci ko an sha, kuma nan take take kisa, alhali illar tana iya ɗaukar shekaru kafin ta bayyana. Idan an ce haske, sai ya ga ai alheri ne. Haka kuma akwai bambanci tsakanin ƙurar da ake shaƙa, da iskar radon da ke taruwa a rami ko rufaffen ɗaki, da abin da ke ratsa jiki daga ƙarfen da aka ajiye a tsakar gida. Kowanne da irin kariyarsa. Mai laccar da ya haɗa su duka a kalma ɗaya zai firgita mutane ba tare da ya nuna musu abin yi ba, wanda kuma ya bar su da Faransanci ya koma 1966. A ganinmu, ya fi kyau a zaɓi kalma a bayyana iyakarta da misali tun farkon lacca, a tsaya a kanta har ƙarshe, kuma a gwada ta tukuna a kunnen tsofaffin ma'aikatan mahaƙa, domin su ne suka daɗe suna neman yadda za su faɗi abin ga iyalinsu.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda aka tashi daga rahoton da ba a rubuta don mutanen Abzin ba, aka zo ga na'ura da hoton da suka ba su baki, har zuwa intanet wadda ke iya zama kowanne daga cikin biyun. A 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, a daidai lokacin da alhakin mahaƙan ke komawa hannun ƴan ƙasa. Ke nan tambayoyin mutanen Arlit da Akokan da makiyayan Imuraren game da ruwan sha da ƙura da tsibin da aka bari za su riƙa zuwa ne ga masananmu. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Inda zuwan bai yiwu ba, wajibi ne aiken ya isa cikin harshen da aka yi tambayar, a kuma bar hanyar da amsar masu sauraro za ta dawo. Muna fatan masana kimiyya da masana Hausa da Tamajak za su zauna tare su fitar da jerin kalmomin wannan fanni, a gwada shi a Arlit kafin a buga.