Asbestos: Ma'adinin da ke cikin rufin gidaje da haɗarinsa ga lafiya

Asbestos suna ne na wasu ma'adinai shida da ake haƙowa daga ƙasa, masu siffar zare siriri. Wuta ba ta cin sa, ba ya ruɓewa, ga shi da araha, shi ya sa aka daɗe ana gauraya shi da siminti wajen yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa, ana kuma sanya shi cikin birkin mota. Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne farin asbestos, wato kirisotayil.

Yadda ya shigo gidajenmu

Masana'antu a Ikeja da Inugu da Kano da Bauchi sun shafe shekaru suna sarrafa kwanon rufi da allunan silin masu ɗauke da wannan ma'adini. A lokacin bunƙasar arzikin man fetur ta shekarun 1970, an yi amfani da su sosai a makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata. A daidai wannan zamani ne, wato 1976, Minna ta zama babban birnin Jihar Neja, gine-gine suka yawaita.

A yau unguwanni irin su Tudun Fulani, da ke Ƙaramar Hukumar Bosso, suna ta faɗaɗa. Ana rushe tsoho a gina sabo, ana sauya tsohon silin da na zamani, wasu kuma na sayen kayan gini na hannu don sauƙin farashi. A irin wannan aiki ne kafinta da birkila da lebura suke fasa tsofaffin alluna, su shaƙi ƙurar.

Illarsa ga jiki

Muddin allon yana nan lafiya, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Idan aka yanka shi da zarto, ko aka huda shi, ko ya tsufa ya fara marmashewa, sai zarurrukan da ido ba ya gani su tashi cikin iska. In sun shiga huhu sukan maƙale, jiki kuma ba ya iya narkar da su.

Hukumar binciken cutar sankara ta duniya, IARC, ta tabbatar da cewa dukkan nau'o'insa, har da farin, suna haddasa sankarar huhu da ta maƙogwaro da ta ƙwan mace, da kuma mesoteliyoma, wadda ke kama fatar da ta lulluɓe huhu ko kayan ciki. Yana kuma sa huhu ya yi tabo ya ƙandare, numfashi ya yi wuya. Cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana, kuma mai shan taba ya fi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara sakamakon shaƙar sa a wurin aiki.

Darasi daga tsohuwar Tarayyar Sobiyat

Bayan rugujewar Tarayyar Sobiyat a 1991, ƙasashen da suka fito daga cikinta sun gaji miliyoyin gine-gine masu rufin asbestos, da garuruwan da abincinsu ya dogara ga haƙar sa. A Rasha, wadda ke kan gaba a duniya wajen samar da shi, akwai gari sukutum mai suna Asbest a yankin tsaunukan Ural. A Kazakistan kuma ana haƙar sa a Jitikara. Ƙasashen biyu na cikin waɗanda suka sha hana a sanya farin asbestos a jerin kayayyaki masu haɗari na Yarjejeniyar Rotterdam, bisa hujjar cewa ana iya amfani da shi cikin kulawa. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce hanya mafi inganci ita ce a daina amfani da shi baki ɗaya.

Wasu sun bi wannan shawara. Estoniya da Latbiya da Lituwaniya suna ƙarƙashin haramcin Tarayyar Turai na 2005, Yukren ta zartar da dokar hana shi a 2022, Afirka ta Kudu kuwa tun 2008. Sai dai haramci ba ya sauke rufin da ya riga ya hau gida.

Matakan kariya

Tsohon silin ko kwanon da bai lalace ba, gara a bar shi yadda yake. In cire shi ya zama dole, a fitar da iyali, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungurungum ba tare da fasawa ba. Takunkumin ƙyalle ba ya tare zarurrukan, sai wanda aka yi musamman domin ƙura mai laushi. Kada a share wurin a bushe, kada a cike ramin hanya da ɓaraguzan, kada ma'aikaci ya koma gida da kayan aikinsa a jiki, domin mai wanki ma tana shaƙa.

Game da zubar da ɓaraguzai, a tuntuɓi hukumar kare muhalli ta Jihar Neja, NISEPA, ko ta tarayya, NESREA. Wanda ya daɗe yana wannan aiki, ya ga tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko numfashinsa na sarƙewa, ya je asibiti, ya kuma shaida wa likita irin sana'ar da ya yi, ko da shekaru sun ja.