Farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki da danginsu: yadda suke da yadda ake shan magungunansu

Wata Asabar da hantsi, yau shekara biyar ke nan, ɗan yayata ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagona a nan Sabon Ibadan. Shekararsa 22 a lokacin, ya zo daga gida neman kuɗi, yana gadin dare a wani gida wajen Bodija. Jikinsa ya sandare, sannan ya kama jijjiga, kumfa na fita ta baki. Maƙwabtanmu Yarbawa suka ja da baya suna cewa "warapa, warapa". Namu kuma wannan ya ce iska ce, wancan ya ce jifa aka yi masa daga gida. Ni da hannuna na cusa masa cokali a baki. Haƙorinsa na gaba da ya gutsure ran nan, har yau in ya yi dariya sai na ji kunya.

Tun daga lokacin nake raka shi asibiti, ina tambaya, ina karantawa. Ni ba likita ba ne. Abin da zan kawo shi ne abin da na tara, don amfanin 'yan'uwa na Sabo, Shasha da Ojoo, da na Agege, Idi-Araba, Shagamu da sauran zangonninmu.

Jijiya ba iri ɗaya ba ce

Da Hausa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga hanyar jini da kuma hanyar saƙo, shi ya sa in likita ya ce "ciwon jijiya ne" sai kowa ya fahimci abin da ya ga dama. Wadda nake magana a kai ita ce ta saƙo: ƙwaƙwalwa, da lakar da ta bi ta cikin ƙashin baya, da zaruruwan da suka fita daga cikinta zuwa ko'ina a jiki. Ta nan umarni ke zuwa hannu ya ɗaga, ta nan zafi da sanyi ke komawa sama a ji su. Saƙon da 'yar wutar lantarki yake tafiya, tare da wasu sinadarai. In wutar ta rikice, ko jini ya yanke wa wani sashe, ko sinadari ya ragu, sai ciwo ya bayyana.

Abin da da yawa cikinmu ba su sani ba shi ne, garin nan da muke zaune yana cikin wuraren da aka fara nazarin waɗannan cututtuka a Afirka ta Yamma. An buɗe asibitin koyarwa na UCH, wanda Yarbawa ke kira Orita Mefa, a 1957. A 1962 Farfesa Latunde Odeku ya fara aikin tiyatar ƙwaƙwalwa a can. Bayansa ga Farfesa Kayode Osuntokun, wanda ya rasu a 1995, da sunansa ya kai ko'ina a duniya a wannan fanni. Daga Sabo, in ka haura Mokola ka kama titin Queen Elizabeth, ka isa. Amma sai mutum ya ɗauki marar lafiya a motar dare har Arewa, alhali wurin yana bayan gidansa.

Farfaɗiya

Farfaɗiya rikicewar wutar ƙwaƙwalwa ce na ɗan lokaci, mai maimaituwa. Ba ta yaɗuwa. Miyau ba ya ɗauke da ita, kumfa ba ya ɗauke da ita, cin abinci kwano ɗaya ba ya kawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace.

Ba kowace ce ke kayar da mutum ba. Wani sai ya yi shiru ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, a yi ta kiransa bai ji ba. Wani ya riƙa tauna baki yana jan rigarsa, ya farfaɗo bai san ya yi ba. Wani hannu ɗaya kawai ke fizga. Yara da yawa sun sha bulala a makaranta a kan "rashin hankali", ashe ciwo ne.

Me ke kawo ta? Doguwar naƙuda da jariri ya rasa iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, buguwa a ka (a nan 'yan okada su ji da kyau), shanyewar ɓarin jiki, ƙari a ƙwaƙwalwa. Wata kuma ana bincike ba a ga dalili ba. Osuntokun da abokan aikinsa sun ƙirga masu ita a garuruwa biyu na Ibarapa a nan jihar Oyo cikin shekarun 1980. A Igbo-Ora, inda aka daɗe da asibiti da awon ciki da rigakafi, sun samu kusan mutum 5 cikin 1,000. A Aiyete, da ba ta da nisa da can, sun samu 37 cikin 1,000. A nawa ganin wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa iska ce, sai dai in iskar tana tsoron malaman asibiti.

In mutum ya faɗi a gabanka, ka kawar da wuta, wuƙa, ruwan zafi da duk abin da zai ji masa rauni. Ka sa masa wani abu mai taushi ƙarƙashin kai, ka sassauta wuyan riga. Kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, ba ya haɗiye harshensa. In jijjigar ta tsaya, a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi ruwa sai ya dawo hayyacinsa sosai. A duba agogo: in ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, to asibiti nan take. A can ne suke da allurar diyazafam da ke tsayar da ita. In akwai mai waya kusa, ya ɗauki bidiyo don likita, ba don Facebook ba. Likitan yaron nan ya fi amfana da bidiyon minti ɗaya a kan duk bayanin da na yi masa da guntun Turancina.

Wani abu da na gani a nan Kudu: in yaro ya kama jijjiga saboda zafin zazzaɓi, wasu maƙwabta kan kawo haɗin fitsarin saniya da ganyen taba a ɗura masa, wasu su kara ƙafarsa a wuta. Haɗin nan guba ne, ya kashe yara. Jijjigar zazzaɓi, da aka fi gani daga wata 6 zuwa shekara 5, yawanci ba farfaɗiya ba ce, amma dole a kai yaron a gano abin da ya kawo zazzaɓin.

Magungunan farfaɗiya

Likita kan tura gwajin EEG, inda ake manna wayoyi a ka a karanta wutar ƙwaƙwalwa, wani lokaci da hoton CT ko MRI. Sannan ya zaɓi magani ɗaya, ya fara da kaɗan yana ƙarawa.

Finobabiton shi ne tsoho, tun 1912 ake amfani da shi, kuma shi ne mafi araha. Sau ɗaya ake sha, da dare. Yana sa barci da kasala, yara kuma wani lokaci ya sa su ƙiriniya. Kabamazafin, da aka fi sani da Tegretol, shi aka ba ɗan yayata. Farkon shansa yakan kawo jiri da gani biyu-biyu, sannan jiki ya saba. Amma in ƙuraje suka feso, baki ya yi gyambo, ido ya yi ja, ga zazzaɓi, a koma asibiti a ranar, don wannan na iya kisa. Shi da finobabiton suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, mata su faɗa wa likita abin da suke amfani da shi.

Epilim yana aiki sosai, yana sa ƙiba, amma yana da haɗari babba ga abin da ke ciki: kusan jariri 1 cikin 10 na matan da suka sha shi da juna biyu ana haifarsa da nakasa. Duk yarinyar da ke shan sa, kafin a sa ranar aure a je a yi magana da likita. In kuma cikin ya riga ya shiga, kada ta yanke da kanta, ta je da gaggawa a duba. Akwai fenitoyin mai kumbura dasashi, akwai Keppra da bai cika rikici da sauran magunguna ba, sai dai tsada, kuma yakan sa wasu saurin fushi.

Yanzu ga inda muka fi faɗuwa, mu matafiya. Maganin nan ba ya aiki sai kullum, a kan lokaci. Ɗan yayata ya yi wata 14 lafiya lau. Babbar Sallah ta zo, ya tafi gida da maganin sati biyu, ya yi sati biyar. Ya ga lafiya ƙalau, ya ce ai ya warke. A tashar mota ya faɗi ranar dawowa, aka sace masa waya da kuɗin mota. Yanke magani farat ɗaya na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. Likita kaɗai ke janye shi, a hankali, yawanci bayan aƙalla shekara 2 ba faɗuwa. Mai tafiya gida ya sayi na kwanakinsa har da ƙari, ya ɗauki hoton kwalin a waya. Ya riƙa duba lambar ƙarfin da ke jiki: wani mai kyamis ya taɓa ba mu na 200 a madadin na 400, ya ce "duk ɗaya ne, Alhaji". Ba ɗaya ba ne.

Rashin barci yana tayar da ita, don haka gadin dare bai dace da mai farfaɗiya ba. Haka tuƙin okada ko mota, hawa gini, ɗiban ruwa a rijiya, da tsayuwa kan wutar tsire, har sai likita ya ce ta lafa. Kafin azumi a je a tambaya ko za a iya mayar da shan maganin sahur da buɗa-baki. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, mu ma muna yi. Abin da ba na yarda da shi ba shi ne mai cewa sai an ajiye ƙwaya kafin nasa ya ci.

Shanyewar ɓarin jiki

Wannan ita ke cin manyanmu. Iri biyu ce: ko hanyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe. Alamominsu ɗaya: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, duk farat ɗaya. Ido ba ya bambance su, sai hoton CT. Shi ya sa bai kamata a ba mutum asfirin a gida ba, don yana taimakon mai toshewa amma yana ƙara wa mai fashewa zubar jini. Kada kuma a ɗura masa kunu ko rubutu, maƙogwaronsa ba lallai yana haɗiya daidai ba, sai ya wuce huhu. Akwai allurar narkar da gudan jini, amma cikin awa 4 da rabi na farko take aiki, ga tsada, kuma ba ko'ina ake samunta ba. Ko babu ita, isa da wuri yana ceton rai.

Wani babban bincike mai suna SIREN, da Farfesa Mayowa Owolabi na nan Ibadan ke cikin jagororinsa, ya haɗa asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba. A jerin akwai ciwon suga, ƙara gishiri a abinci, yawan cin nama da ƙarancin ganye. Mu da ke sayar da naman, sai mu yi wa kanmu hisabi. Magungunan hawan jini irin su amlodifin da lisinofiril ba na kwana bakwai ba ne kamar na zazzaɓi. Wanda ya taɓa shanyewa ana haɗa masa da na rage maiƙon jini, da asfirin in toshewa ce, sannan motsa gaɓoɓi a sashen gashi, wanda gara a fara shi da wuri.

Karkarwa da zugin ƙafa

Dattijon da hannunsa ke rawa yana zaune, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, fuskarsa ta daina motsi, ba lallai tsufa kawai ba ne. Yana iya zama ciwon Parkinson, wanda ƙarancin wani sinadari a ƙwaƙwalwa ke kawowa. Libodofa, da ake sayarwa da sunan Sinemet, ba ya warkarwa amma yana sakin jiki ƙwarai. Ya fi shiga jiki in ba a haɗa shi da nama, ƙwai ko wake lokaci ɗaya ba.

Sai masu jin tafin ƙafa kamar an zuba barkono, ko kamar suna taka auduga. Mafi yawa suga ne ya cinye zaruruwan, don haka a fara da gwajin suga. Ana ba da amitiriftilin ko firagabalin don rage zugin, farasitamol bai cika yi ba. Osuntokun ya nuna cewa yawan cin rogon da ba a jiƙa ya tsimu da kyau ba, tare da ƙarancin abinci mai gina jiki, yana lalata jijiyoyi har tafiya da gani su taɓu. Garin da aka sarrafa da kyau ba shi ne matsala ba.

Wasu daga cikin ƙwayoyin nan sun faɗa hannun matasanmu a matsayin kayan caji: firagabalin, diyazafam, ga uwa-uba tiramadol da masu dako da 'yan okada ke sha don kada su gaji. Tiramadol da kansa yana kawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba. Saurayin da ya fara faɗuwa ya gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha, likita ba ɗan sanda ba ne.

Ranar zuwa asibiti

Manyan asibitoci irin UCH, ko LUTH ga mutanen Legas, yawanci sai da takardar turawa daga ƙaramin asibiti, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna da ranakun ganin marasa lafiya. A yi sammako. A tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, da mai jin Turanci ko Yarbanci, da duk kwalayen magani har na gargajiya. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta ranar da aka faɗi, ƙarfe nawa, an sha magani ko an manta, an yi barci ko ba a yi ba. In kuɗin maganin ya fi ƙarfinka, ka faɗa tun kana gaban likita, sau da yawa akwai mai araha da zai yi aikin.

Ɗan yayata ya bar gadi, yanzu yana tare da ni a shago. Ƙararrawar wayarsa na bugawa ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 7 na yamma, kuma duk sanda zai hau motar gida, ni nake ƙirga masa ƙwayoyin kafin ya ɗauki jaka.