Tsibiran da ruwa ya cinye: daga Sakkwato zuwa gungunan Yauri

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Duk lokacin hutun ƙarshen shekara za ka ga Instagram da TikTok sun cika da hotunan Zanzibar da Maldives: farin yashi, ruwa shuɗi, ƙaramin jirgi mai ƙyalle iska na tura shi daga wannan tsibiri zuwa wancan. A ƙasan hoton kuma matasanmu na rubuta "Allah ka kai mu". Amin. Amma yau ina so in nuna muku cewa mu nan Sakkwato mun taɓa zama maƙwabtan wata ƙasa ta tsibirai, tafiyar kusan kilomita 300 daga nan, kuma har Turawa sun baro ƙasashensu sun mutu a kan hanyar ganin ruwan da ta ke ciki. Mafi yawanta yau tana ƙarƙashin ruwa.

Mu fara da ruwan ƙofar gidanmu. Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suna haɗuwa a nan kusa da gari, su bi ta Argungu da Birnin Kabi, su je su faɗa cikin Kwara, wato Kogin Neja. Daga mahaɗar in ka bi ruwa ka gangara kudu, sai Yauri. A can kogin ya kan buɗe, ya rarrabu, ya bar tudun ƙasa a tsakiya. Irin wannan tudun shi Bahaushe ke kira gungu, mutanen da ke zaune a kai kuma Gungawa. Su suna kiran kansu Reshe, kuma suna da harshensu, duk da cewa Hausa ta ci shi ƙwarai a bakin yara. Masunta ne, matuƙa jirgi ne, manoma ne. Albasar da su ke nomawa a gungu da ban ruwa ta yi suna tun kafin a san injin ban ruwa. Sai Sarkawa, masuntan Kabi, da su ka bi ruwa su ka zauna tare da su.

Kuma gungun nan ba wurin ɓuya na talakawa kaɗai ba ne. Yauri na cikin Banza Bakwai, tsohuwar masarauta ce, kuma mashigi ce ta fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Ayari in ya iso bakin ruwa, jakuna da kaya da mutane duk sai masu jirgi sun ƙetarar da su, sarki kuma ya karɓi nasa. A tsakiyar ƙarni na 19 da yaƙin basasa ya rikita ƙasar, fadar Yauri ta bar Bin Yauri ta koma wani tsibiri da a ke kira Ikum, kafin a dawo Yelwa a 1888. Sarki guda da fadawansa a tsakiyar kogi, domin mahayin doki ba ya iya kai hari inda sai da kwale-kwale.

Yanzu ga baƙon farko. Mungo Park likita ne ɗan Sikotlan. A 1805 ya taso daga Gambiya da Turawa kusan 40 da niyyar bin Kwara har inda ta ƙare, don a lokacin Turai ba ta san inda kogin ke zuba ba. Wasu na cewa cikin Nilu, wasu na cewa yana ƙafewa a cikin hamada. Damina da zazzaɓi su ka cinye mutanensa, 11 kaɗai su ka ga kogin. A Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yau, ya haɗa tsofaffin kwale-kwale ya yi jirgi mai tsawon ƙafa 40, ya sa masa suna Joliba, sunan kogin a bakin mutanen can. A watan Nuwamba ya saki igiya, Turawa biyar ne su ka rage.

Jama'a, wannan tafiya ita ce misalin yadda ba a yawon ƙasar mutane. Park ya yanke shawarar ba zai sauka ba, ba zai biya kuɗin wucewa ba, duk jirgin da ya matso kusa sai harbi. Haka ya yi tafiyar sama da kilomita 1,500, ya wuce kusa da Tumbuktu bai shiga ba, ya bar gawawwaki da ƙiyayya a bayansa. A Yauri ɗan jagoransa, Amadi Fatuma, ya sauka don nan yarjejeniyarsu ta ƙare. A ruwayar shi Amadi, Park ya aika wa Sarkin Yauri kyauta ta hannun wani hakimi, hakimin ya danne ta ya ce baƙo bai ba da komai ba. Gaba kaɗan, a Busa, inda kogin ke matsewa tsakanin duwatsu, jirgin ya maƙale, a ka yi musu ruwan kibau da masu, Park da sauran Turawan su ka faɗa ruwa su ka nutse. Farkon 1806 ke nan, shekara biyu bayan hijirar Shehu zuwa Gudu.

Inda labarin ya shigo garinmu shi ne 1824. A watan Maris na wannan shekara Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, ya iso Sakkwato bayan ya ƙetare Sahara ta Borno da Kano. Waziri Giɗaɗo ne ya sauke shi, mutanen gari na kiransa Abdullahi. Abin da ya kawo shi hanya ce ya ke nema zuwa Yauri, ya ga kogin, ya ji labarin Park. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da kyau, ya yi ta masa tambayoyi kan ƙungiyoyin Kirista da siyasar Turai har baƙon ya rasa amsar wasu. Ya ce masa da Park ya zo da damina da ya wuce duwatsun Busa lafiya, rani ne ya janye ruwa ya bar hanya ɗaya tak. Ya zana masa yadda kogin ke tafiya, daga baya a ka ba shi taswira a takarda, wadda a ka buga a Landan a 1826 tare da wani yanki na Infaƙul Maisuri.

Amma izinin zuwa Yauri bai samu ba. An ce masa hanya ba lafiya, ana yaƙi. Da gaskiya a ciki. Ni dai a ganina akwai lissafi kuma: Bello ya ji abin da Ingilishi su ka yi a Indiya, ya san abin da a ke nufi in hafsan sojan ruwa ya dage sai ya san hanyar da jirgi zai bi daga teku zuwa tsakiyar ƙasarka. Kyautata wa baƙo daban, nuna masa ƙofar baya daban. Clapperton ya koma gida, ya sake dawowa ta Badagiri, wannan karon ya bi ta Busa ya ga wurin da Park ya mutu, ya iso Sakkwato a 1826. Ciwo ya kama shi, ya rasu a nan a watan Afrilu 1827, a ka binne shi a wani ƙauye kusa da gari. Baransa Richard Lander ne ya haɗa takardunsa ya koma da su.

Wannan baran shi ya ƙarasa aikin da iyayen gidansa su ka kasa. A 1830 ya dawo da ƙanensa John. Daga Busa su ka hau kwale-kwale su ka yi sama zuwa Yauri, su ka bi tsakanin gungunan nan, su ka rubuta abin da su ka gani na ƙauyuka da gonaki a tsakiyar ruwa. Sun yi makonni a Yauri suna jiran sarki ya sallame su. Su ka juyo Busa, a watan Satumba su ka gangara, a watan Nuwamba su ka fita teku ta yankin Brass. Ba bindigar Park, ba muƙamin Clapperton, haƙuri ne da roƙon sarakuna da matuƙa 'yan ƙasa. Abin da Bello ya hango kuwa bai daɗe ba: kafin ƙarnin ya ƙare jiragen kamfanin Royal Niger sun mamaye kogin, 1903 kuma kun san abin da ya faru a Giginya.

To ina gungunan su ke yau? A 1964 a ka fara gina madatsar Kainji don wutar lantarki, a ka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 135, daga Kainji har kusa da Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse tare da duwatsun da su ka ci Park, a ka gina Sabuwar Busa. Babban tsibirin Foge mafi yawansa ya tafi, da ƙananan gungu masu yawa. Mutum wajen 44,000 a ka tayar a ka kai sababbin ƙauyuka na bulo da siminti a gefen tafkin. Ka ɗauki mutumin da kakanninsa su ka san kowane lungu na ruwa, wanda gonarsa ambaliya ke yi wa taki duk shekara, ka ajiye shi a tudu ka ce ya jira ruwan sama. An ba shi ɗaki, amma sana'ar da ta dogara da hawa da saukar kogi ba a biyan diyyarta. Lokacin ƙasar Yauri ƙarƙashin Sakkwato ta ke, har sai da a ka cire Jihar Kabi a 1991, don haka wannan tarihinmu ne, ba na wasu ba.

Abin da ya rage a ido shi ne bikin Rigata na Yauri, inda a ke tseren jirage da wasannin ruwa, kamar yadda Argungu ke da nata bikin kamun kifi tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara. Wanda ya taɓa ganin samari goma sha suna tuƙi da murya ɗaya, ganga na kaɗawa a tsakiyar jirgi, ya san ba sai an je Tekun Indiya za a ga kyau a kan ruwa ba.

Sai dai ba zan ce muku ku shirya jaka ku tafi hutu gobe ba. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ya tarwatse a tsakiyar ruwa da mutane sama da 150, kaɗan ne su ka tsira. A 2022 a ƙaramar hukumar Shagari, nan jiharmu, mutum 29 su ka mutu a kifewar kwale-kwale, da yawansu yara. Dalilan kusan kullum ɗaya ne: tsohon jirgi, lodin da ya wuce ƙima, mutane da babura da buhuna a wuri guda, tafiyar dare, babu rigar ruwa ko ɗaya, ga kututturan itatuwan da tafkin ya rufe suna jira a ƙasa. Ga kuma 'yan bindiga da su ka sa mutane barin hanyar mota su koma ta ruwa. Akwai hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja da a ka ɗora wa kula da hanyoyin ruwa, kuma bayan kowane haɗari a kan ji an raba rigunan ruwa. A je mashigi ranar kasuwa a ƙirga mutum nawa ke sanye da su.

Abin da baƙo ke biya a Zanzibar ba yashi ba ne kawai, tabbacin cewa jirgin da ya hau an duba shi, an ƙirga fasinja, akwai mai ceto in wani abu ya faru. Mu ruwan muna da shi, matuƙan da su ka gaji aikin tun kafin zuwan Park suna nan, sauran gungun da tafki bai kai gare su ba suna nan sama da Yelwa. Matar da ke ƙetarawa kasuwar Wara da buhun albasa ita ta fi kowane ɗan yawon buɗe ido buƙatar wannan tabbacin.

Duk wanda ke da kaka ko kakan da a ka tayar daga gungu a 1968, ya zauna da su ya ɗauki muryarsu a waya, ya tambayi sunan gungunsu da abin da su ke nomawa, ya turo mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.