Sojan da ya dawo aji: maki nawa za a rubuta masa?

A jami'o'in Amurka kowane darasi yana da makinsa, ɗalibi yakan tara kimanin 120 kafin a ba shi digirin farko. To saurayin da ya bar aji ya tafi yaƙi, in ya dawo, maki nawa za a rubuta masa? Sau biyu wannan tambaya ta taso musu a ƙarni na 20.

Bayan yaƙin duniya na farko, makarantu da yawa sun amsa ta da tausayi. Duk wanda ya sa kaki sai a ba shi maki a dunƙule saboda zaman da ya yi a soja, ba a tambayi abin da ya koya ba. Aka tura samari azuzuwan da ba su kai ba, da yawa suka kasa. Ni da na kusa shekara ashirin da alli a hannu na san wannan ciwo. Na taɓa tsallakar da yaro don tausayin uwarsa, ya isa CM2 bai iya karanta abin da ke kan allo ba.

A yaƙi na biyu sai suka yi shiri tun ana fagen daga. A 1942 rundunar soja ta buɗe wata cibiya a garin Madison, tana aika wa sojoji darussa ta gidan waya. A wannan lokaci ne aka ƙirƙiro jarrabawar GED, wadda ke tsayawa a madadin takardar sakandare. Majalisar Ilimi ta Amurka, wato ACE, ta sa masana suka bi horon da soja ke bayarwa ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta abin da kowanne ya yi daidai da shi a jami'a. Kundin ya fito a 1946. Wanda ya koyi gyaran rediyo a bariki ana iya yafe masa wani darasin lantarki, amma ba a yafe masa tarihi. Shawara ce kawai, jami'a ke yanke hukunci, kuma har yau haka abin yake.

Shirin ya zo a kan kari, domin a watan Yuni na 1944 shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar GI Bill mai biyan kuɗin karatun tsoffin sojoji. A 1947 kusan rabin ɗaliban jami'o'in ƙasar tsoffin sojoji ne.

Sai dai rabon bai kai ga kowa ba. Baƙar fatan kudancin Amurka sun dawo da haƙƙinsu a takarda, jami'o'in farar fata suka rufe musu ƙofa, nasu kuma suka cika. Wannan yaƙin dai kakanninmu ma sun yi shi ƙarƙashin tutar Faransa. Su fanshonsu ma, dokar 1959 ta daskarar da shi.